Cutar mantuwa da binciken likitoci: jagora ga iyalan Zango a Kumasi

Mahaifina ya shafe sama da shekara 40 yana cinikin goro a Kumasi, kuma ban taɓa ganin ya ɗauki biro don lissafi ba. Huhu nawa ya tashi, wa ya biya, nawa ya rage a hannun wane, duk a ka yake riƙe da su. Ranar da gabana ya fara faɗuwa ita ce ranar da ya miƙa wa mai koko takardar sidi 50 ya juya ya tafi, yarinyar ta biyo shi da canji, shi kuwa yana rantsuwa bai sayi komai ba. Kafin shekara ta zagayo ya fara yin alwala sau uku kafin Azahar. Wani dare kuma maƙwabta suka dawo mana da shi daga bakin masallaci da ƙarfe 2, yana jiran a kira Asuba.

Mu a gida gigin tsufa muka ce. Likita ya ce cutar mantuwa ce, kuma hawan jinin da Baba ya daɗe yana wasa da maganinsa yana da hannu a ciki. Bayan wasu watanni, wata ma'aikaciyar jinya ta tare ni a bakin ɗakin likita ta ce ana wani bincike a kan ƙwaƙwalwar tsofaffi, ko za mu so mu ji bayani. Na ce mata zan yi shawara, alhali a raina na riga na ce a'a. Daga baya mun shiga. Abin da na koya tsakanin wannan a'a da wannan e shi ne na tattara a nan, domin duk wanda aka yi wa irin wannan tayi a Aboabo, Asawase, Alabar ko Sabon Zango ya san ta inda zai kama.

Me ya kawo maganar bincike cikin jinyar tsoho

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce fiye da mutum miliyan 55 ke fama da cutar mantuwa, ana samun sababbi kusan miliyan 10 duk shekara, kuma fiye da kashi 60 cikin 100 suna ƙasashe masu ƙarami da matsakaicin ƙarfi, irin namu. Ƙungiyar duniya mai kula da cutar Alzheimer ta ƙiyasta cewa a Afirka kudu da Sahara masu cutar sun kai miliyan 2.13 a 2015, kuma za su kai miliyan 7.62 a 2050. Ƙidayar 2021 ta nuna 'yan Ghana masu shekara 60 zuwa sama sun kusa miliyan 2. Tsofaffinmu suna ƙaruwa, alhamdu lillahi, cutar kuma tana biye da su.

Tun 1906 likitan Jamus Alois Alzheimer ya bayyana nau'in da ya fi yawa, amma har yau babu maganin da ke warkar da shi. Ƙwayoyi irin su donepezil da memantine suna ɗan rage alamomi na wani lokaci, ba sa tsayar da cutar. Sabon maganin da Amurka ta amince da shi a 2023, lecanemab, an gwada shi a kan mutum 1,795 na tsawon wata 18, ya rage saurin lalacewar tunani da kashi 27 cikin 100. A gwajin, ta jijiya aka riƙa ba da shi duk mako biyu, kuma kusan 1 cikin 8 na waɗanda suka karɓa an ga kumburi a hoton ƙwaƙwalwarsu. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne baƙar fata a wannan gwaji ba su kai kashi 3 cikin 100 ba.

Kada a ce ai jiki duk ɗaya ne. Binciken da aka fara a 1992, wanda ya kwatanta tsofaffin Yarabawa a Ibadan da baƙar fatar Indiyanafolis a Amurka, ya gano cutar ta fi ƙaranci a Ibadan, kuma wani ƙwayar gado da ke ƙara haɗarin cutar sosai ga Turawa bai nuna irin wannan ƙarfi ga Yarabawa ba. Da ba a yi aikin a Ibadan ba, babu wanda zai sani. Haka ma gwajin tunani kansa. An ce wa Baba ya zana agogo a takarda, mutumin da karatunsa na allo ne, da tawada da alƙalamin kara, lokacinsa kuma kiran salla. Ya kasa, ya ji kunya. Da aka koma tambayarsa farashin goro da sunayen jikokinsa, nan aka ga ainihin inda tunaninsa ya tsaya. Irin waɗannan tambayoyi da suka dace da wanda bai yi boko ba, bincike ne ya samar da su, da tsofaffi irin nasa.

Kuma mun riga mun ci moriyar bincike a ƙasar nan. Gwajin da aka yi a Navrongo a farkon shekarun 1990 ya nuna sinadarin bitamin A yana rage mutuwar ƙananan yara da kusan kashi 1 cikin 5. A can ɗin dai aka nuna gidan sauro mai magani yana rage ta da kashi 17 cikin 100. Rigakafin zazzaɓin cizon sauro da aka fara yi wa yara a Ghana a 2019, da 'ya'yan mutanen Kintampo da Agogo aka gwada shi. Wasu iyaye ne suka miƙa hannun 'ya'yansu, namu suka amfana.

Ban manta da ɗaya gefen ba. Babu Bahaushen da za a yi wa maganar gwajin magani bai tuna Kano ba, inda a 1996, ana tsakiyar annobar sanƙarau, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan da yara kusan 200, 11 suka rasu. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ba ne, kamfanin ya ce cutar ce ta kashe yaran, aka yi ta shari'a har aka sasanta da gwamnatin Kano a 2009 a kan dala miliyan 75. A nan gida ma, a 2015 an dakatar da gwajin rigakafin Ebola da aka shirya yi a Hohoe bayan jama'a sun yi ca. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Tsoron yana da tushe, shi ya sa matakan da ke ƙasa rabinsu na kare kai ne.

Mataki na farko: a tabbatar da abin da ke damun tsohon

Ba a fara neman bincike kafin a san cutar. Ku kai shi asibitin da ke kusa, kamar na Manhyia ko na Tafo, ku nemi a tura ku wajen likitan ƙwaƙwalwa da jijiyoyi a asibitin Komfo Anokye, wato Jii. Ku tafi da katin inshorar lafiya, wanda ya kai shekara 70 ba ya biyan kuɗin shekara. Ku zuba duk magungunan da yake sha a leda ɗaya, har da na gargajiya da na masu talla a mota.

Dalilin wannan mataki shi ne akwai abubuwan da ke kama da cutar mantuwa alhali ana maganinsu: ƙarancin bitamin B12, matsalar maƙoƙo, ciwon damuwa, rashin ji, haɗuwar magunguna barkatai, ko jinin da ya taru a ka bayan faɗuwa. Tsohon da ya rikice farat ɗaya cikin kwana biyu, sau da yawa cuta ce ta shiga jikinsa, kamar ta mafitsara ko huhu, wannan na gaggawa ne. Cutar mantuwa a hankali take zuwa, cikin watanni da shekaru. Kafin ku je, ku rubuta abubuwan da kuka lura da su da lokacin da suka fara, don a gaban likita tsoho yakan natsu ya amsa gaisuwa daidai, har ka ji kamar kai ne ka ƙara gishiri.

A nan zan ɗan ratse. Tsohuwar da ke surutai ita kaɗai, ko ta fita da dare, ko ta ce an sace mata zane alhali ita ta ɓoye shi, ba mayya ba ce. A 2020 an kashe wata tsohuwa mai shekara 90 a Kafaba bisa zargin maita, ƙasa duka ta girgiza. Duk gidan da ya kira cutar nan da sunanta ya rage wa wata tsohuwa haɗari.

Mataki na biyu: a yi maganar tun bakinsa na hannunsa

Wannan shi ne matakin da na fi so a ɗauka da muhimmanci, kuma shi aka fi tsallakewa. Cutar mantuwa tana cin abin da ake ba da izini da shi, wato fahimta. A farkonta mutum yana iya jin bayani, ya auna, ya ce e ko a'a da hankalinsa. Bayan shekara biyu ko uku wataƙila ba zai iya ba. Tun ran gini, ran zane. Yawancin gwaje-gwajen magani ma masu farkon cutar suke nema, don a lokacin ne ake da abin ceto a ƙwaƙwalwa.

Ku zaɓi lokacin da ya fi natsuwa. Baba da hantsi yake garau, daga La'asar kuma sai rikici. Na zauna da shi bayan ya sha koko na ce, "Baba, likitoci suna son su yi nazarin mantuwar nan da ke damunku. Ba magani za su ba ku ba, tambayoyi ne da ɗibar jini." Ya ce, "To me zan samu?" Na ce, "Ku kam ƙila ba komai, sai dai na baya." Ya yi shiru, can ya ce, "In don jikoki ne, a je." Washegari na sake tambayarsa kamar ban taɓa ba, ya ba ni amsa iri ɗaya. Sau uku na yi haka cikin mako guda kafin hankalina ya kwanta cewa ra'ayinsa ne.

A wannan zama ku tambaye shi wa yake so ya yi magana a madadinsa in ƙarfinsa ya gaza. Sannan a tara 'yan'uwa a faɗa musu, har da na Accra da na ƙasar waje a waya. Gidajenmu na yawa ne. In mutum ɗaya ya sa hannu a ɓoye, ranar da jikin tsoho ya motsa, ko da zazzaɓi ne, za a ce shi ya kai shi aka yi gwaji da shi.

Mataki na uku: ku san irin binciken da ake kiranku

Iri biyu ne manya. Na farko na lura ne kawai: a yi tambayoyi, a gwada tunani, a auna jini, ƙila a ɗauki hoton ƙwaƙwalwa, a bi mutum shekara ɗaya ko fiye, ba a ba shi sabon abu. Irin wannan muka shiga, kuma shi za ku fi cin karo da shi, domin gwajin sababbin magungunan mantuwa kusan duka a Amurka, Turai da gabashin Asiya ake yin su. Binciken SIREN a kan shanyewar ɓarin jiki, wanda asibitocin Kumasi, Accra, Kano, Zariya da Ibadan suka shiga, na wannan layi ne, kuma ya nuna hawan jini shi ne babban mai laifi a yankinmu.

Na biyu shi ne gwaji na asibiti, inda ake ba da wani abu a ga tasirinsa. Ba dole ya zama ƙwaya ba. A Kumasi Farfesa Fred Stephen Sarfo ya jagoranci gwajin amfani da wayar hannu da kulawar ma'aikatan jinya don daidaita hawan jinin waɗanda suka yi shanyewar ɓarin jiki. A Finlan, gwajin FINGER ya haɗa gyaran abinci, motsa jiki, horar da tunani da kula da jini ga tsofaffi 1,260 na shekara 2, tunaninsu ya fi na sauran. A Amurka, gwajin SPRINT MIND ya nuna sauko da hawan jini sosai ya rage faruwar raunin tunani na farko da kashi 19 cikin 100. Kwamitin masana na mujallar Lancet ya lissafa a 2024 abubuwa 14 da ake iya gyarawa, ciki har da hawan jini, ciwon suga, taba, rashin ji, raunin gani da kaɗaici, waɗanda suka ce suna da alaƙa da kusan kashi 45 cikin 100 na cutar. A ganina irin waɗannan gwaje-gwaje su suka fi kusa da buƙatarmu a Zango, inda hawan jini ya zama ruwan dare.

In kuwa gwajin magani ne, hawa-hawa ake yin sa, ku tambayi zangon da gwajin yake ciki. A zango na 1 mutane kaɗan ne, 'yan gomomi, ana duba ko yana cutarwa. A na 2 ana neman adadin da ya dace da alamar amfani. A na 3 ɗaruruwa ne ko dubbai, ana kwatanta shi da wani abu. Na 4 bayan ya shiga kasuwa ne.

Akwai abu biyu da ke ba mutane mamaki. Na ɗaya, ƙuri'a: kwamfuta ce ke raba mutane rukuni-rukuni, ba likita ba, kuma sanayya ba ta aiki. Na biyu, holoƙon magani: wani rukuni yakan karɓi ƙwaya mai kama da ta gaske amma babu sinadarin a ciki, kuma sau da yawa likitan da ke duba ku ma bai san wanne tsohonku ke sha ba. Wannan ba yaudara ba ce matuƙar an faɗa muku tun farko. Mai mantuwa yau ya yi kyau, gobe ya rikice, kuma zuciyar ɗa tana ganin sauƙi ko babu shi. Sai an kwatanta rukuni da rukuni ake gane gaskiya. Ku sani kuma mafi yawan magungunan mantuwa da aka gwada sun faɗi: wani nazari a kan shekarun 2002 zuwa 2012 ya ce fiye da kashi 99 cikin 100. Wanda ya shiga da niyyar neman waraka zai iya fitowa da karyayyar zuciya.

Mataki na huɗu: neman bincike da tantance shi

Fara da likitan da ke duba tsohon, ka tambaye shi kai tsaye ko akwai binciken da ake ɗaukar mutane. Wanda ya iya intanet ya duba rajistar gwaje-gwaje ta Afirka, PACTR, da ClinicalTrials.gov, ya rubuta "dementia" da "Ghana". Ƙungiyar masu cutar Alzheimer ta Ghana takan yi taruka musamman a kusa da 21 ga Satumba, ranar cutar ta duniya.

Bincike na gaskiya yana da izinin kwamitin ɗa'a, wato masu duba tsarin bincike don kare waɗanda za su shiga. A Kumasi akwai na jami'ar KNUST da na asibitin Komfo Anokye, akwai kuma na Hukumar Lafiya ta Ghana, a Accra akwai na Korle Bu da na cibiyar Noguchi. In gwajin magani ne ko rigakafi, dole sai da izinin FDA, hukumar kula da abinci da magunguna ta Ghana, ƙarƙashin dokar lafiyar jama'a ta 2012, mai lamba 851. Ka ce a nuna maka takardar izini da lambarta. Mai gaskiya ba ya jin haushin wannan tambaya.

Ka ja da baya in aka ce ka biya kuɗin shiga, ko aka yi maka alkawarin waraka, ko aka ce sai yau-yau za ka sa hannu, ko aka ce kada ka gaya wa likitanku, ko kuma aikin duk a WhatsApp yake, babu ofis, babu asibiti.

Mataki na biyar: takardar yarda

Kada ku sa hannu ranar da aka ba ku ita. Ku tafi da ita gida, wanda ya iya Turanci ya karanta a hankali. Haƙƙinku ne a yi muku bayani da harshen da kuke ji. In tsohon Hausa kawai yake ji da kyau, ku ce a kawo mai Hausa, kada ku yarda da Twi na kasuwa don kunya. Wanda bai iya rubutu ba yakan dangwala yatsa, a gaban shaidan da ba ya cikin masu binciken, kuma dole a ba ku kwafi.

Tambayoyin da na yi, da waɗanda na so a ce na yi, ga su. Sau nawa za mu zo, awa nawa kowane zuwa, har tsawon wane lokaci? Me za a yi masa da ba a yi a jinya ta yau da kullum? Zai ci gaba da magungunansa na hawan jini da suga? Wace illa aka riga aka sani? In wani abu ya same shi saboda gwajin, wa zai biya, akwai inshora? A gwajin magani FDA tana buƙatar inshora ga masu shiga, don haka ku nemi a nuna muku inda aka rubuta. Wace lamba za mu kira da tsakar dare? In maganin ya yi amfani, zai ci gaba da samu bayan an gama? Za a ba mu sakamakon gwaje-gwajensa?

Maganar jini ita ta fi tayar da ƙura a gidanmu. Gwaggona ta ce sayar da shi ake yi. Abin da aka ɗiba wa Baba ƙananan kwalabe 3 ne, wajen cokali 2 na cin abinci, alhali mai ba da gudummawar jini leda guda yake bayarwa, mililita 450. Amma tambayarta tana da gaskiya a ciki: ina jinin zai je? Wasu bincike suna aika shi ƙasar waje don nazarin ƙwayoyin gado, su adana shi shekaru. Dole takardar ta faɗi haka, kuma sau da yawa akwai gurbi daban inda za ka yarda ko ka ƙi a adana. Sunansa ba ya tafiya da jinin, lamba ake sawa, kuma dokar kare bayanai ta 2012, mai lamba 843, ta shafi abin da aka rubuta a kansa.

Wasu bincike suna neman ɗibar ruwa ta ƙashin baya da allura. Wasu kuma suna tambaya ko za a bari a duba ƙwaƙwalwa bayan rasuwa. Mu da muke gaggauta jana'iza, wannan magana ce ta malamai da iyali, kuma ku tambaya ko za a iya ƙin wannan sashe a shiga sauran. Haka batun azumi: a tambayi ko za a iya sauya lokacin shan ƙwaya ko ɗibar jini a Ramadan, a kuma ji ta bakin malami. Ni na je wajen limaminmu da takardar a hannu. Ya tuna mini hadisin da ke cewa Allah bai saukar da cuta ba face ya saukar da maganinta, ya ce neman sanin maganin ba saɓo ba ne, sharaɗi dai kada a cuci tsohon.

In tsohon ya riga ya wuce matsayin fahimta, wakilinsa ne zai sa hannu. Amma ƙa'idar Helsinki, wadda likitocin duniya suka kafa a 1964 kuma aka sabunta a 2024, ta ce ko wakili ya yarda, in shi mai cutar ya nuna ƙi, a girmama ƙinsa. Janye hannu ƙi ne. Kuka ma ƙi ne.

Mataki na shida: tantancewa da mai rakiya

Sa hannu ba shi ne shiga ba. Za a fara gwaje-gwaje a ga ko ya cika sharuɗɗa, kuma da yawa ba sa wucewa, saboda shekaru, ko ciwon ƙoda, ko maganin tsinka jini, ko cutar ta yi nisa. In an ce bai dace ba, ba wulaƙanci ba ne, kariya ce.

Kusan kowane binciken mantuwa yana buƙatar mai rakiya, mutum ɗaya da zai riƙa zuwa kowane lokaci yana faɗin yadda tsohon yake a gida. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kada a zaɓi babban ɗa don girmansa alhali sau ɗaya yake leƙowa a mako. A gidanmu matata ce ke ba Baba abinci, ita ta san ranar da ya sa riga a bai-bai, don haka tare muke zuwa, ni in sa hannu, ita ta amsa tambayoyi. A yi lissafin gaskiya da mai rakiya, domin in 'yar kasuwa ce a Kejetia, kowane zuwa cinikin yini ne ya tafi. Masu bincike sukan mayar da kuɗin trotro ko pragya, wani lokaci da ɗan abin taɓawa. Kuɗin mota ne, ba albashi ba, kuma in kuɗin ya yi yawan da zai rufe wa mutum ido daga haɗari, wannan ma abin tambaya ne.

Mataki na bakwai: zaman cikin binciken, da fita

Ku sayi ƙaramin littafi. A rubuta ranar zuwa, abin da aka yi, duk wani sabon abu a jikinsa: jiri, faɗuwa, ciwon kai, rashin barci, ƙin abinci. Ku nemi a ba ku lokacin safe. Ku tafi da tabaransa, da ruwa, da ɗan abinci, da zanin canji. In an kwantar da shi a wani asibiti, ku nuna katin binciken ku kira lambar da aka ba ku. Kada a raba ƙwayar gwaji da kowa, kada kuma a ƙara masa jiƙo ko wani sabon magani ba a faɗa ba. In an ba shi, a faɗa, ba za a yi muku faɗa ba, ɓoyewar ce ke ɓata sakamako ta jefa shi a haɗari. In kuna da ƙorafin da ba ku son kai wa masu binciken, lambar kwamitin ɗa'a tana jikin takardar yarda.

Kuna iya fita kowace rana, ba tare da ba da dalili ba, kuma jinyarsa ta yau da kullum ba za ta taɓu ba. In ƙwaya yake sha, ku faɗa kafin ku daina, don wasu a hankali ake janye su. Ku tambayi abin da za a yi da bayanan da aka riga aka tara, ku kuma bar lambar waya don a sanar da ku sakamakon binciken, wanda yakan ɗauki shekaru kafin ya fito.

Baba ya yi zuwa huɗu cikin wata 14. A na biyu ne aka gano jininsa ya haura sosai duk da magani, aka mayar da mu wajen likitansa aka sauya masa ƙwaya. A na biyar, tun a ƙofa ya riƙe hannuna ya ce, "Kai, mai da ni gida." Na lallashe shi, ya sake faɗa, idonsa ya kawo ruwa. Na shiga na gaya wa ma'aikaciyar jinyar cewa mun tsaya a nan. Ta fito da kanta ta durƙusa ta ce, "Alhaji, mun gode, Allah ya ƙara sauƙi," ta rubuta a fayil, ta ba mu kuɗin mota. Ranar Talatar da ta biyo baya muka koma ganin likitansa da katinmu na da, aka auna jininsa, aka ba mu maganin wata biyu.